Nahawu a Imel ɗin Kasuwanci: Wane Kuskure ne Ke Cin Kuɗi?

Tambaya: Wani matashi ne ya rubuto daga Kano. Ya ce kawunsa yana harkar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau, kuma shi ne ke rubuta masa duk imel ɗin da ake aika wa masu saye a Turkiyya da Sin da Turai. Turancinsa na sakandare ne. Wani abokinsa ya ce yana zubar wa kamfanin mutunci da kurakuran nahawu, kawun kuma ya ce shi dai in an gane magana an biya kuɗi, sauran duk surutu ne. Yana so ya san wa ya fi gaskiya, da abin da ya kamata ya gyara.

Amsa: Ɗan'uwa, na ji daɗin wannan tambaya, domin matsala ce da na daɗe ina gani a kan teburina. Na yi aiki a sashen cinikin ƙasashen waje na banki ina duba takardun masu shigo da kaya da masu fitarwa, yanzu kuma ina taimaka wa 'yan kasuwa da irin wasiƙun da kake rubutawa. Kawunka ya fi abokinka kusa da gaskiya. Mai sayen riɗi a Mersin ta Turkiyya ko Qingdao ta Sin ba malamin makaranta ba ne, shi ma aron Turancin ya yi, kuma sau da yawa naka ya fi nasa. Amma ka lura da sharaɗin da kawun ya gindaya da bakinsa: in an gane magana. A kasuwa, ido da ido, in mutum bai gane ba za ka gani a fuskarsa, ka sake faɗa, ka nuna masa buhu da yatsa, ka danna farashi a waya ka miƙa masa. A imel babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya rage shi ne yadda ka jera kalmominka, kuma wannan jerin shi ake kira nahawu. In mutum ya kasa ganewa da sauƙi, zai tambaya. Abin tsoro shi ne ya gane wani abu daban, ya kama aiki da shi, ku biyu kowa yana ganin an daidaita.

Bankunan duniya ma haka suke kallon lamarin. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya, ICC, mai hedikwata a Faris, ta tsara ƙa'idojin takardar lamunin banki, wato LC. Ana kiran su UCP 600, sun fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2007, kuma a gabatarwarsu an ambata cewa kusan kashi 70 cikin 100 na takardun da ake kai wa banki a ƙarƙashin LC ana mayar da su a karon farko saboda saɓani. Jagoran da ma'aikatan banki ke duba takardu da shi ya raba kuskure gida biyu, har da misali. In an rubuta "mashine" a maimakon "machine", ba a ƙin takarda, tunda ma'ana ba ta sauya ba. In kuwa an rubuta "model 123" a inda ya kamata a ce "model 321", takarda ta faɗi. Wannan ma'aunin nake so ka riƙe. Ka manta "the" ko "a", ba wanda zai fasa ciniki da ku. Ka rikita wa zai biya, nawa, yaushe, bisa wane sharaɗi, to nan ne kuɗi ke zuba.

Bari mu fara da wanda ya fi kama mu, mu Hausawa, domin daga cikin harshenmu yake tasowa. Kalmar "idan" aiki biyu take yi mana. "Idan rana ta faɗi zan zo": ba shakka za ta faɗi, lokaci kawai ake nufi. "Idan na samu kuɗi zan zo": wannan sharaɗi ne, ana iya samu, ana iya rasawa. Mu muna rarrabewa daga yanayin magana, shi kuwa Turanci ya ba kowanne kalmarsa, "when" ga lokaci, "if" ga sharaɗi. Kawunka ya ce ka rubuta idan mun gama tankaɗe za mu yi lodi, kai kuma ka sa "if", sai mai saye ya karanta cewa akwai yiwuwar ba za ku gama ba, ya fara tuntuɓar wani dillali a Habasha ko Sudan. A wajen karatu abin ya fi muni. Mai saye ya rubuto cewa zai biya ciko "if the quality is approved", kai ka fassara wa kawu "zai biya idan an duba kaya", kawu ya ji kamar maganar lokaci ce, ya amince. Alhali mutumin ya bar wa kansa ƙofa ne: in ya ce kaya ba su yi masa ba, babu ciko, ga kuma kwantena ta riga ta isa ƙasarsu, kuɗin jinkiri a tasha yana hawa kullum, sai ya dawo yana neman ragi. Duk inda ka ga "if" ko "subject to" ko "provided that" a kusa da maganar biya, ka tsaya, ka fassara wa kawu da "bisa sharaɗin", sannan ku tambayi mai saye: wa zai duba kayan, a wace tasha, da wane ma'auni, danshi kashi nawa, datti kashi nawa, cikin kwana nawa?

Ƙanwar "idan" ita ce "sai". Muna cewa "sai Litinin za mu yi lodi", yaranmu su rubuta "we will load until Monday". Ga mai karatu wannan yana nufin ana ta lodi tun yanzu har zuwa Litinin, wato kusan akasin abin da aka so faɗa. Abin da ake nufi shi ne "we will load on Monday". In wa'adi ne kake ba mutum, kalmar ita ce "by": "by 15 March" na nufin kada ya wuce ranar 15, ko da ya biya kafin nan. Waɗannan ƙananan kalmomi uku, "on" da "by" da "until", sun fi manyan kalmomi ɗari amfani a wurinka.

Sai lokutan aikatau. Bahaushe ba ya taɓa rikita "mun aika" da "za mu aika" da "muna aikawa" da "mukan aika". A Turanci kuwa bambancin kan zama harafi guda, "send" da "sent", sai a rubuta "we send the documents" a bar mai karatu yana canke: an aika ne, ko za a aika? Shi kuma yana can yana jiran DHL, ko yana shirin tura ejan tasha. A maganar kuɗi ma haka ne. "We have paid" na nufin kuɗi ya fita. In umarni kawai aka ba banki, ko ana jiran a samu dala, ka faɗi hakan yadda yake. Kuma ka kiyayi sa "would" a inda kake nufin "will". Da yawa daga cikinmu suna ganin "would" ta fi ladabi, amma mai karatu zai ji kamar akwai wani "da a ce" da aka ɓoye a bayanta.

Akwai wani da na gani da idona, kuma har yau ina ba da misali da shi. Wani mai fitar da zoɓo, dattijo mai gaskiya, yaronsa ne ke riƙe masa imel kamar yadda kake yi. Mai saye daga Turai ya rubuto gajeriyar tambaya: "You have not fumigated the cargo yet?" Yaron ya karanta wa Alhaji, ya ce suna tambaya ba a yi feshin maganin ƙwari ba tukuna? Alhaji ya ce e, ba a yi ba. Yaron ya rubuta kalma ɗaya, "Yes." A Hausa amsar daidai take, domin "e" tamu tana gaskata maganar mai tambaya ne. A Turanci kuwa "yes" ɗin nan na nufin an yi. Mai saye ya saki jiki, ya sanar da wanda zai sayar wa, ya zauna jiran takardar shaidar feshi da ba ta wanzu ba. Da gaskiya ta fito sai ya ɗauka yaudara ce. Na ga Alhaji zaune a ofis, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana ta maimaita cewa shi bai taɓa cewa an yi ba, kuma gaskiyarsa ne. An daidaita daga baya, amma da ragin farashi, kuma mutumin bai sake yin oda ba sai da aka yi ta bin sa. Maganin abu ne mai sauƙi: kada ka taɓa amsa tambayar ciniki da "yes" ko "no" kaɗai. Ka cika jimlar: "We have not fumigated it yet. We will do it on Thursday."

Wani halin namu shi ne "an". An biya, an ce, za a saki. Ladabi ne a wurinmu, muna sakaya mai aiki don kada a nuna yatsa. In ya shiga imel sai ya koma "it has been paid" da "they said they will release it". Su wa? Kwastan ne, ko ejan, ko kamfanin jirgi, ko masu sito? Ranar da rigima ta tashi ba wanda zai iya cewa ga wanda ya ɗauki alkawari. Ka ambaci mai aikin da sunansa a kowace jimla, ko da maimaici ya yi yawa. A makaranta an koya maka cewa maimaita kalma rauni ne. A wasiƙar ciniki in ka kira abu "sesame" a sama, kada ka koma "the product" a tsakiya da "the items" a ƙasa, musamman in riɗi da zoɓo duk suna cikin saƙo ɗaya.

Lambobi ba a cika lissafa su cikin nahawu ba, amma ni a nan nake sa su, domin su ma ƙa'idar rubutu ce. In ka rubuta 04/05/2025, mu da Ingila mun karanta 4 ga Mayu, Ba'amurke ya karanta 5 ga Afrilu, mutumin Sin kuma ya saba fara rubutu da shekara. Rubuta sunan wata da haruffa, magana ta ƙare. Baturke da Bajamushe suna sa ɗigo a inda muke sa waƙafi, 1.250 a wurinsu dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, 1,5 kuma ɗaya da rabi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke rubutu da Faransanci su ma waƙafi suke sawa kafin ɓangaren lamba. Ba'indiye zai rubuto maka 1,00,000, dubu ɗari yake nufi. Tan kala uku ne: na awon kilo mai kilo 1,000, na Amurka mai kusan kilo 907, da tsohon na Ingila mai kusan kilo 1,016, don haka ka rubuta "metric ton" ko MT. Dala ma ba ɗaya ba ce, ka sa USD. Buhu kuwa ba ma'auni ba ne sai ka faɗi kilo nawa ke ciki. Jibi da muke juyawa zuwa "next tomorrow", da "upper week", ba a ko'ina ake gane su ba. Ko "kwanakin aiki" sai an kula, tunda Saudiyya Juma'a da Asabar take hutu, Daular Larabawa kuma tun Janairun 2022 ta koma Asabar da Lahadi. Haka kalmomin nan masu harafi uku, FOB da CIF da sauransu, masu nuna inda nauyin mai sayarwa ya ƙare na mai saye ya fara, guda 11 ne a tsarinsu na 2020 da ake kira Incoterms, kuma kowacce sai an haɗa ta da sunan wuri. "FOB Apapa" magana ce cikakkiya. "FOB" kaɗai rabin magana ce, domin tsakanin lodi a Apapa ta Legas da lodi a Onne ta jihar Ribas akwai kuɗin mota mai yawa daga Kano.

Kada ka ɗauka mu kaɗai abin ke ci. Masu harshen ma yana cin su. A Ingila a 1864 an yi shari'ar auduga dila 125 da za ta zo daga Bombay a jirgi mai suna Peerless. Ashe jirage biyu ne masu wannan suna, ɗaya ya taso a Oktoba, ɗaya a Disamba, mai saye yana nufin na farko, mai sayarwa yana nufin na biyu, kotu ta ƙi tilasta wa mai saye ya karɓi kayan. A Amurka kuma, a jihar Maine, direbobin wani kamfanin madara mai suna Oakhurst sun kai ƙara a kan kuɗin aikin bayan lokaci. Dokar jihar ta jero ayyukan da ba a biyan wannan kuɗi a kansu, amma babu waƙafi kafin abu na ƙarshe a jerin, sai ya zama ba a san ko rarraba kaya aiki ne mai zaman kansa a jerin ba, ko kuwa ɗaure kaya don rarrabawa kawai ake nufi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2017 jimlar tana da fuska biyu, ta karkata ga direbobi, a 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. Masu tsara doka ne suka rubuta wannan jimla. Darasin da ke ciki a wurinka shi ne doguwar jimla mai ɗauke da abubuwa da yawa ita ce ke haifar da fuska biyu. Ka yanka ta: magana ɗaya, jimla ɗaya, aya.

Ga irin saƙon da nake yawan gani: "Sir we have send the goods, balance until you see the BL, they said vessel will move next tomorrow insha Allah, pls do the needful." Kuskuren da abokinka zai fara gani shi ne "send", kuma shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Wane kaya, nawa? Ciko nawa, kuma a biya kafin a ga takardar lodin jirgi, wato BL, ko bayan an gani, kwafinta ko ta asali? Wa ya ce jirgi zai tashi? Me ake so mutumin ya yi? Ga yadda zan rubuta shi: "We loaded 2 containers of sesame, 19 metric tons each, at Apapa on 12 May. The shipping line says the vessel will sail on 14 May. Please pay the balance of USD 30,000 within 5 working days after we email you the BL copy." Duba da kyau, babu kalma ɗaya a ciki da ɗan aji uku na sakandare bai sani ba. Turancin da kake da shi ya isa, tsari ne ya rage.

Ina matsa maka a kan wannan ne domin imel hujja ce. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan kwamfuta a kotu, kuma a cinikin ƙetare sau da yawa babu wata yarjejeniya sai jerin saƙonnin da kuka yi musaya. Magana zarar bunu ce, Gmail ma daƙiƙa 30 ce iyakar abin da yake ba ka ka janye saƙo bayan ka tura. Mu kuma Musulmi muna da abin da ya fi dokar ƙasa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take: a rubuta shi zuwa ajali ambatacce, marubuci ya rubuta da adalci, kada a rage komai. Kai ne marubucin a gidanku. In kawu ya ce Alhamis kai ka rubuta abin da za a iya karantawa Alhamis ko Asabar, an rage wani abu, ko da ba da niyya ba.

Yanzu ga inda abokinka yake da tasa gaskiyar, kuma magana ce mai ciwo. Sashe na 419 na dokar laifuka ya zama sunan da duniya ta san mu da shi, saboda ɓarnar wasu tsiraru. Wanda bai san ku ba, in ya ga saƙo daga Nijeriya da manyan baƙaƙe daga sama har ƙasa, da "pls" da "u" da "am" a maimakon "I am", da alkawarin riba mai yawa, yakan goge kafin ya kai ƙarshe. Ba adalci ba ne, amma haka kasuwar take, kuma kawunka mai gaskiya shi ke biyan bashin da bai ci ba. Saboda haka saƙon farko zuwa ga sabon mai saye ya cancanci kulawa ta musamman: take mai faɗin abin da ke ciki, cikakken sunan kamfani da lambar rajistarsa ta CAC da adireshi a ƙasa, kuma sunan kamfanin ya zama iri ɗaya harafi da harafi a imel da takardar kuɗin kaya da asusun banki. In ya bambanta ko da kaɗan, bankin mai saye na iya riƙe kuɗin ya yi ta tambaya.

Kula da haruffa kuma kariya ce gare ku. A Fabrairun 2016 ɓarayin intanet sun yi yunƙurin kwashe kusan dala biliyan 1 daga asusun babban bankin Bangladesh da ke New York. Dala miliyan 81 ta tafi Filifin, amma wata miliyan 20 da aka nufa Sri Lanka an tsayar da ita, domin sun rubuta "fandation" a maimakon "foundation", wani banki a hanya ya tsaya tambaya. Hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta ce a 2023 kaɗai an kai mata rahoton asarar kusan dala biliyan 2.9 ta hanyar damfarar imel ɗin kasuwanci, inda ɓarawo ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa ya turo sabuwar lambar asusu. In mai sayenku ya saba da tsararren rubutunka, ranar da wani ya kwaikwaye ka zai ji wani abu ya sauya. Sai dai kada ka dogara da wannan kaɗai, don yanzu ɓarayin ma suna da manhajojin da ke gyara musu Turanci tas. Ka riƙa duba adireshin mai aikowa harafi da harafi, kuma ka rubuta wa duk abokan cinikinku tun yau cewa ba za ku taɓa sauya asusu ta imel ba sai an yi waya a lambar da aka saba.

Abin da ba na so ka ɗauka daga abokinka shi ne dogon Turanci. Da yawa in aka ce su gyara rubutu sai su koma "I humbly wish to crave your indulgence", su cika shafi ba su faɗi farashi ba. Mai karatunka a Sin wataƙila manhajar fassara zai liƙa wa saƙon, kuma manhaja ta fi iya gajeriyar jimla. Gaisuwa layi ɗaya ta isa. Na san yana yi mana nauyi mu shiga magana ba mu tambayi gida da iyali da gajiya ba, amma ka ajiye wannan sai a waya ko in an haɗu. "Sannu" da muke mayarwa "sorry" ita ma a kula da ita, don in kaya sun lalace a jirgi ka rubuta "sorry" kaɗai, ana iya ɗauka kun amsa laifi. Ka tabbatar ko mace ce ko namiji kafin ka sa "Sir", kuma ka sani a Sin sunan dangi, irin su Wang da Li, shi ke zuwa farko. Insha Allah kuwa ban ce ka cire ba, ni ma ina rubutawa. Ka dai haɗa ta da rana da wata, domin wanda ba Musulmi ba, har ma da wasu Musulmin da aka sha ja musu rai da ita, suna iya jin ta kamar hanyar zamewa.

Manhajojin gyara rubutu, irin su Grammarly da ChatGPT, da jan layin da Gmail ke yi a ƙarƙashin kalma, ka yi amfani da su, suna da amfani ƙwarai wajen kama irin su "send" da "sent". Amma ba su san abin da kawunka ke nufi ba. "Price" da "prize", "full" da "pull", "lend" da "borrow", duk kalmomi ne na gaskiya, ba lallai a ja musu layi ba, kuma ka san yadda "p" da "f" ke yi mana. Manhaja tana iya gyara maka jimla ta yi sumul ta kuma mayar da alkawari mai sharaɗi ya zama alkawari kai tsaye. Google Translate ya san Hausa tun 2013, amma in ka ba shi "idan" dole ya zaɓar maka ɗaya daga cikin biyun nan, kuma ba zai tambaye ka ba. Bayan kowace gyara ka sake bin lambobi da ranaku da kalmar "not" da idonka. Kada kuma ka liƙa lambar asusu ko sirrin farashinku a irin waɗannan wurare.

In da Hausa kake rubutu, ga dillalanku na Maigatari ko Maraɗi ko masu kawo kaya daga ƙauye, ƙa'idar ba ta sauya ba. Haruffa masu lanƙwasa suna raba ma'ana: "a ɗaure su daidai" da "a ɗaure su ɗaiɗai" umarni biyu ne, "bari" daban "ɓari" daban, haka "kara" da "ƙara". Allon rubutun Hausa na Gboard yana da su duka, ka sa shi a wayarka. Ka raba "za a" da "ba a", ka sa aya a ƙarshen magana, kuma "an tura" da "za a tura" da "ana turawa" kada a bar mutum yana canke a kansu.

Abin da zan so ka mayar al'ada shi ne wannan. Kafin ka tura duk saƙon da ke ɗauke da farashi ko rana ko alkawari, ka juya shi zuwa Hausa da baki a gaban kawu, daga abin da ke kan allo, ba daga abin da ke ranka ba, ka ji ko zai ce haka ne. Saƙon mai saye ma ka karanta masa jimla jimla, ka tsaya a kan kowane sharaɗi. Duk abin da aka daidaita a waya ko a saƙon murya na WhatsApp ko WeChat, a ranar ka bi shi da imel mai layi uku ko huɗu: ga kaya, ga yawa, ga farashi, ga tasha, ga rana, ka roƙi mutumin ya amsa cewa haka ne. Sannan ka buɗe fayil guda ka tara jimlolin da ka tabbatar da ingancinsu, na ba da farashi, na sanar da lodi, na neman ciko, na ba da haƙurin jinkiri, ka ba wani wanda ya san aikin fitar da kaya ya duba maka su sau ɗaya. Yawancin saƙonnin harkar riɗi da zoɓo ba sa wuce waɗannan, sai dai a sauya lamba da rana da sunan jirgi.